Kalangu: Magana Daga Ƙarƙashin Hammata

Duk garin da shanu suka yawaita ba ya rasa mahauta, inda mahauta suka taru kuwa mai kalangu ba ya nisa. Mubi irin wannan gari ne. Kasuwar shanunta na cikin manyan kasuwannin arewa maso gabas, daga Kamaru da Chadi ake koro dabbobi, a loda su a tireloli a yi kudu da su. Gude da Fali da Fulani da sauran ƙabilu kowa da harshensa a gida, amma da Hausa ake ciniki, da ita kuma kalangu yake magana.

Magana fa ta gaske. Ice ne ake fafewa, a bar masa siririn ƙugu, a rufe bakinsa biyu da fata mara kauri, sannan a ja tsarkiya daga wannan baki zuwa wancan. Makaɗi ya rataya shi a kafaɗa, ya danne shi a hammata. In ya matse tsarkiya sai fata ta ɗame, murya ta hau. In ya sassauta ta sauko. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da sauka, ga gaɓa doguwa ga gajera. To, gula a hannun dama ita ke fitar da gaɓoɓi, damtsen hagu shi ke ɗora musu karin sauti. Nan gizo ke saƙa. Dole matsi ya zo daidai da saukar gula, in kuma ana son murya ta gangaro daga sama, sai a buga tukuna a saki a hankali kafin amon ya mutu. Wanda hannunsa bai faɗa ba, ƙara kawai yake yi. Gwani kuwa, yana bugawa za ka ga wani dattijo can gefen taro ya ɗago kai, don an kira shi.

Abin da ya ji shi ne takensa. Sarkin Fawa da nasa, ɗan dambe da nasa, wani ma na kakansa ya gada. Ba a rubuce suke ba. A kan makaɗi suke, tare da sanin wane ɗan wane ne, wa ya yi suna da kyauta, wa aka taɓa kayarwa a fage. In ya kuskure ya kaɗa wa mutum taken abokin hamayyarsa, ranar ba kyauta, ga jin kunya. A ganina wannan hadda ta fi saurin hannu ban mamaki.

Koyon ma ba a zaune ake yi ba. Yaro yakan fara da kuntuku, ɗan ƙaramin gangan da ake ɗaurawa a ƙugu, yana bin mahaifinsa gidan biki da dandali yana riƙe masa amo ɗaya ba fashi. Sai kunnensa ya nuna ake miƙa masa ɗan karɓi, daga baya babban kalangu. A hanya yake koyon cewa damina na sanyaya fata, sai an ɗan gasa ta kafin ta yi murya.

Wanda ke son ganin iyakar gwanintar ya je hawan ƙaho, wasan mahauta na lokacin salla a ƙasar Hausa. An ɗaure bijimi da igiya, samari na riƙe, yana huci. Makaɗi ya dubi wanda zai shiga, ya soma takensa a hankali, ya kawo na ubansa, ya ƙara wuta har tsuma ta kama shi ya faɗa tsakanin ƙahoni ya rungume. Makaɗin ke auna lokacin da zuciya ta kawo, in ya yi gaggawa ya jefa ɗan mutane cikin haɗari.

Da kalangu mawaƙi Ɗan Anace ya zuga ɗan dambe Shago a fage, da shi kuma aka raka waƙoƙin Mamman Shata har rasuwarsa a 1999. Yau gidajen biki da yawa sun koma ga lasifika, ta fi arha kuma ba ta gajiya. Sai dai ba ta san sunan kakan ango ba, shi ya sa har yanzu wasu iyaye ke aikawa a kira mai kalangu ranar ɗaurin aure.