Gani Ya Kori Ji, Amma Wane Irin Gani?

 Yau ƙorafi ne da ni a kan irin labarin da matafiyanmu ke kawo mana idan sun je yawon buɗe ido Luksor, tsohon birnin nan na ƙasar Masar da ke bakin Kogin Nilu, sama da kilomita 600 kudu da Alƙahira.

Mutanenmu suna zuwa Masar neman magani, ko karatu, ko saro kaya, wasu kuma su ƙarasa har Luksor. To, sai su dawo su zuba mana hotuna a Facebook, labarin kuwa bai wuce abu uku ba: rana ta gasa su, 'yan talla sun dame su, sannan ga su nan tsaye da baƙin tabarau a gaban wani ƙaton dutse. Ban ce ƙarya suka yi ba. Zafin garin da bazara yakan wuce digiri 40, kuma shawarar da suke bayarwa ta fita da sassafe, da yin ciniki kafin a hau keken doki, shawara ce mai amfani. Amma fisabilillahi, a ce mutum ya kashe kuɗin jirgi ya dawo da labarin gumi kawai?

Dubi dai abin da suke tsallakewa. A wurin bauta na Karnak akwai zaure ɗaya mai ginshiƙan dutse 134, manyan cikinsu sun kai kusan mita 21 a tsawo. Tsakanin Karnak da wurin bauta na Luksor akwai hanya mai jerin gumaka dama da hagu, kusan kilomita 3, wadda aka gyara aka buɗe a 2021. A ƙofar na Luksor ɗin dogayen duwatsu masu tsini biyu ne da can, yanzu saura ɗaya, ɗayan yana tsaye a birnin Faris tun 1836. A cikin ginin kuma akwai masallacin Abul Hajjaj, ana sallah a ciki har gobe. Wai duk wannan bai isa a ba da labari ba?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda mata matafiya ma suke wuce Hatshefsut ba ko waiwaye. Mace ce da ta mulki Masar kimanin shekara 20, kusan shekara 3,500 da suka wuce. Ta gina wurin bautarta mai hawa uku a gindin dutse, a ƙetaren kogi. A jikin bangon an zana jiragen ruwan da ta aika ƙasar Funt, suna dawowa da itatuwan turare da saiwarsu a cikin kwanduna. Ku ji fa, turare! Mu da ba mu rabo da kasko da turaren wuta, wace ce ba za ta so jin wannan ba? Bayan rasuwarta aka bi ana kankare sunanta da hotonta daga bango, amma ga shi yau ana faɗinsa.

Wata za ta ce ai gidan gumaka ne, me za a tsaya kallo. 'Yar uwa, kallon kufai daban, bauta daban. Wanda ya ga inda masu ƙarfi suka ƙare, ya ga kabarin Tutankamun da aka gano a 1922 cike da zinariya mai shi bai tafi da ko ƙwaya ba, ai ya samu wa'azi kyauta.

Mu marubuta mun san cewa mai karatu amana ce. Matar da ke gida tana fama da girki da yara, da idonki take gani, in kin yi kallon tsoro ita ma kin rage ta. Saboda haka duk wadda Allah ya nufa da zuwa, ta riƙe ɗan littafi da biro, ta yi wa ɗan jagora tambaya, wa ya gina, yaushe, don me. Tsarabar atamfa da turare takan ƙare, ta labari kuwa har jikoki sai sun ci.