Shin kullum gani ya kori ji?

Ya kai mai karatu, ka san karin maganar nan: gani ya kori ji. A kasuwa gaskiya ce. In za ka sayi sa, kada ka tsaya ga bakin dillali, duba haƙoran da idonka. Amma wasu sun kai maganar inda ba ta da iko. In an karanta musu abin da masana suka auna, sai su ce: "Ban gani ba, ban yarda ba." A nan ne muke da ja.

Tsaya nesa ka dubi mace tana daka. Taɓarya za ta sauka, sai daga baya ka ji ƙararta. Ƙara tafiya take yi, wajen kilomita 1 cikin sakan 3. Haske ma tafiya yake yi, sai dai saurinsa ya kai kilomita 300.000 a sakan guda. Tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne, haskenta yana yin minti 8 a hanya. Ke nan ranar da kake gani, ta minti 8 da suka wuce ce.

Da dare ka dubi taurarin nan, Kaza da ƴaƴanta. Hasken da ke shiga idonka ya baro su shekara fiye da 400 ke nan. Lokacin ba a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba. Ido yana ce maka ga su yanzu, alhali tsohon labari ya kawo maka.

Ido kuma yana cewa ƙasa tsaye take, rana ke tafiya. Amma in kana cikin kamyo, ba itatuwa kake gani suna gudu baya ba? Haka ƙasa take juyawa da mu.

Ran 29 ga Maris 2006, wata ya rufe rana a wani sashen Nijar, gari ya yi duhu da hantsi. Masana sun faɗi ranar da sa'ar tun da daɗewa. Lissafi ne ya nuna musu, kafin kowa ya gani.

Saboda haka kada ka yar da karin maganar, amma ka san wurinta. In an gaya maka abin mamaki, tambaya yadda aka auna shi. Damina na zuwa: in ka ga walƙiya, ƙidaya sakan har ka ji tsawa. Kowane sakan 3, kilomita 1 ne tsakaninku.