Faifan Farko na Tracy Chapman: Waƙar Mai Kawaici

A watan Afrilu na 1988 kamfanin Elektra ya fitar da faifan wata budurwa 'yar shekara 24 wadda ba kowa ya san ta ba, in ban da ɗaliban Boston da masu wucewa ta dandalin Harvard, inda takan tsaya da jitarta tana waƙa ana jefa mata 'yan kuɗi. Sunanta aka sa wa faifan, Tracy Chapman. Waƙoƙi 11 ne, gaba ɗayansu ba su kai minti 40 ba. Lokacin kuwa kasuwar waƙa a Amurka ta kiɗan na'ura ce da ƙyale-ƙyale, zamanin da Michael Jackson da Whitney Houston da George Michael ke cin karensu babu babbaka. Sai ga wannan baiwar Allah da riga mai sauƙi, da jitar katako, da murya mai kauri wadda mutane da yawa suka ɗauka ta namiji ce da suka fara jin ta a rediyo. Na daɗe ina sauraron faifan nan, kuma abin da ke dawo da ni gare shi kullum shi ne kawaicinsa. Tracy ta san abin da za ta faɗa, ta kuma san inda za ta yi shiru ta bar mai sauraro ya ƙarasa da kansa.

An haife ta a birnin Cleveland na jihar Ohio ranar 30 ga Maris, 1964. Iyayenta sun rabu tana ƙarama, mahaifiyarta ce ta rene ta cikin rashi. Tana shekara takwas ta fara kaɗa jita da tsara waƙa. Wani shiri na tallafa wa yara masu hazaƙa, A Better Chance, shi ya kai ta makarantar kwana ta Wooster a jihar Connecticut, inda ta zauna cikin 'ya'yan masu hali, daga nan ta wuce Jami'ar Tufts ta karanci ilimin al'adun ɗan Adam. Wannan tarihin yana da muhimmanci ga mai son fahimtar faifan. Yarinyar da ta taso a unguwar talakawa ta ga yadda masu shi ke rayuwa da idonta, saboda haka idan ta yi waƙar talauci ba labarin ji-ta-ji-ta take bayarwa ba, kuma idan ta yi waƙar dukiya ta san ƙamshinta. A Tufts ne wani ɗalibi, Brian Koppelman, ya ji ta ya kai maganarta wurin mahaifinsa Charles Koppelman, babban ɗan kasuwar waƙa, hanya ta buɗe.

Dole a yaba wa David Kershenbaum, wanda ya tsara ɗaukar faifan a Hollywood. Babbar gwanintarsa ita ce ya hana kansa cika kiɗa. Ya samo mai ganga Denny Fongheiser da mai jitar bes Larry Klein, ya sa su bi bayan muryarta da jitarta kamar masu rakiya, ba su sha gabanta ko sau ɗaya ba. Wanda ya saurara da na'urar kunne zai ji numfashinta tsakanin layi da layi, zai ji motsin yatsa a kan tsirkiya.

"Fast Car" ita ce zuciyar faifan, kuma a ganina tana cikin waƙoƙin labari mafi kyawun gini da aka taɓa yi da Turanci. Wata matashiya ce ke magana da saurayinta mai mota. Tana aiki a ƙaramin kanti, ta ɗan tara abin da ta tara. Mahaifinta mashayi ne, jikinsa ya lalace tun kafin tsufa, mahaifiyarta ta gaji ta tafi, ita kuwa ta bar makaranta don ta kula da shi. Burinta bai wuce su tsallaka zuwa birni su sami aiki ba. Sun tafi ɗin. Ta sami aikin karɓar kuɗi a babban kanti, shi bai sami komai ba, suna kwana a gidan marasa galihu tana ƙarfafa masa gwiwa. Zuwa baitin ƙarshe ita ke biyan komai na gida, shi yana mashaya har dare, abokansa sun fi 'ya'yansa ganinsa. Ta gudu daga gidan mahaifinta ta faɗa gida irinsa. Babu inda waƙar ta fito ta faɗi wannan ƙarara, mai sauraro ne ke ganowa, ya ji abin ya soke shi.

Ga kuma yadda aka gina kiɗan. 'Yan sautuka kaɗan ne na jita ke zagayawa, su hau su sauko su koma inda suka fara, daidai da rayuwar da ake ba da labarinta. Yawancin waƙoƙin rediyo sukan kai ga amshi cikin minti ɗaya don kada mai sauraro ya gaji. Tracy ta riƙe nata har sai da baitoci uku suka wuce, kusan minti biyu. Da amshin ya zo, ganga ta buɗe, murya ta ɗaga, sai ka ji kamar an zuge tagar mota iska ta shigo. Amma abin da amshin ke ɗauke da shi tunawa ce da wani dare da ya riga ya wuce, daren da ta zauna kusa da shi suna gudu, fitilun birni a gabansu, ta ji ita ma mutum ce. Kalmomin amshin ba sa canzawa, sai dai duk dawowarsa ma'anarsa ta ƙara nauyi: da farko fata ne, daga baya ya zama abin da ta rasa. Wannan dabara ce ta gwanaye, kuma mai ita ba ta kai shekara 25 ba.

Waƙar da ta fi girgiza ni ita ce "Behind the Wall". Babu jita, babu ganga, murya ce zalla, ƙasa da minti biyu. Maƙwabciya ce kwance tana jin ihun wata mata ta bayan bango, dare bayan dare. 'Yan sanda ba sa zuwa da wuri, in sun zo su ce ba sa shiga tsakanin miji da mata. Wani dare ihun ya yanke, motar asibiti ta tsaya a titi, ɗan sanda ya ce wa jama'a kowa ya koma ya kwanta. Tracy ba ta rera ta da kuka ba. Ta rera ta a miƙe, kamar mai ba da shaida, kuma shirun da ke tsakanin layukan shi ne kiɗan. Abin da na fi so shi ne mai labarin ba ta wanke kanta ba, ita ma tana cikin masu ji su yi shiru. Sannan a lura da abin da ya biyo bayanta a jerin faifan: "Baby Can I Hold You", waƙa mai taushi a kan masoyin da shekaru suka wuce bakinsa ya kasa furta ban haƙuri. Wanda ya ji ta ita kaɗai zai ɗauke ta waƙar soyayya ce kawai, kamar yadda ƙungiyar Boyzone ta mayar da ita a 1997. Wanda ya ji ta bayan ihun bayan bango zai ji wata inuwa a cikinta.

Duk sa'ad da na saurari waɗannan waƙoƙi nakan tuna Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, mutum ɗaya da ƙaramin abin kiɗa yana ɗaga darajar karen mota da sauran waɗanda ba a yi wa waƙa.

"Talkin' Bout a Revolution", wadda ta buɗe faifan, tun tana makarantar sakandare ta tsara ta. Ta fito a shekarar ƙarshe ta mulkin Ronald Reagan, tana zana layukan masu jiran tallafi da masu neman aiki. Hikimarta ita ce juyin da take magana a kai raɗa ake yi da shi, ba ihu ba. "Across the Lines" kuma tarzomar launin fata ce a wani gari: an ci zarafin yarinya baƙar fata, gari ya kama da wuta, an yi asarar rayuka, a ƙarshe an manta da yarinyar da abin ya faro daga kanta.

Sa'ar faifan ta zo ranar 11 ga Yuni, 1988, a filin Wembley na Landan, wurin bikin cikar Nelson Mandela shekara 70, shi kuwa yana kurkuku. Tracy ta riga ta yi nata wasan. Sai aka nemi wani ɓangare na na'urar Stevie Wonder aka rasa, ya fasa hawa a lokacin, aka roƙe ta ta cike gurbin. Ta fito ita kaɗai gaban mutane sama da 70,000, ana haskawa a ƙasashe fiye da 60. A hoton bidiyon ranar ana jin muryarta na ɗan rawa a farkon "Fast Car", ana jin hayaniyar fili, sannan a hankali filin ya lafa. Zuwa watan Agusta faifan ya hau matsayi na ɗaya a Amurka. Kafin shekarar ta ƙare ta zagaya duniya tare da Bruce Springsteen da Sting da Peter Gabriel da Youssou N'Dour a rangadin Amnesty International, har Harare da Abidjan. A 1989 ta karɓi lambobin Grammy uku.

To, ba duka faifan ne ya kai wannan matsayi ba, kuma ƙaunar da nake masa ba za ta sa in ɓoye ba. Rabinsa na biyu bai kai na farko ƙarfi ba. "Why?" jerin tambayoyi ne a kan yunwa da makamai da kaɗaici, tambayoyi na gaskiya, amma kowacce ta zo da amsarta a goye, babu abin da aka bar wa mai sauraro. A nan Tracy ta ajiye ba da labari ta koma wa'azi, alhali ƙarfinta yana wurin mutum ɗaya mai fuska da aiki da bashi. "Mountains o' Things" tana da ra'ayi mai kyau, mai aikatau ce ke mafarkin tarin kaya, kuma ba a yi mata dariyar mafarkin ba, sai dai sautin na'urar da aka shimfiɗa mata ya tsufa, yana tona shekarar da aka ɗauke shi. "She's Got Her Ticket" ta ari tafiyar rege ta Jamaika, tana da daɗi a kunne, amma ba ta daɗewa a zuciya. Duk da haka a wannan rabin ne "For My Lover" take, mai ɗaci da taurin kai, da "For You" wadda ta rufe faifan da murya da jita kaɗai, kuma su biyun sun biya bashin sauran.

Ta yi faifai bakwai bayan wannan, daga Crossroads na 1989 zuwa Our Bright Future na 2008, sannan ta ja jikinta daga idon jama'a. A cikinsu New Beginning na 1995 ya fi samun karɓuwa, saboda "Give Me One Reason", inda ta nuna tana iya wasa da zolaya a salon bulus, abin da faifan farko bai ba ta sarari ba. A 2023 mawaƙin kiɗan karkarar Amurka Luke Combs ya sake rera "Fast Car", ta kai matsayi na biyu a jerin Billboard, ta kuma sa Tracy ta zama mace baƙar fata ta farko da ta ci kyautar waƙar shekara ta ƙungiyar kiɗan karkara ta CMA. Na yaba masa da kusan bai taɓa kalmomin ba, har wurin da mai labarin ke kiran kanta yarinyar kanti ya bar shi yadda yake. Sai dai gangarsa ta fi nauyi, muryarsa ta fi cika fili, har amshin ya yi kama da murna. A Fabrairun 2024 suka rera ta tare a bikin Grammy, ita da furfurarta da jitarta, shi yana kallonta cikin girmamawa irin ta ɗalibi. A 2025 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya shigar da faifan cikin kundin sautukan da ƙasar ke adanawa, aka kuma sake buga shi a faifan garmaho. Wanda zai saurare shi karo na farko, shawarata ya bi jerin yadda aka tsara shi, daga waƙa ta ɗaya zuwa ta biyar aƙalla, ba tare da tsallake ba.