Masu Gadin Ƙofar Manhaja

A watan Fabrairun 2014 kamfanin Apple ya fitar da gyaran gaggawa ga wayoyin iPhone. Layi ɗaya tak ne ya jawo shi, "goto fail;", wanda aka rubuta sau biyu a jere a sashen da ke tantance sahihancin shafukan intanet. Maimaicin ya sa manhajar tana tsallake binciken ƙarshe, ta amince da sa hannun da ba ta duba ba. Idon mutane ya bi ta kan layin ya wuce. Da an kunna binciken da ke ƙorafi kan layukan da aiki ba zai taɓa isa gare su ba, da tun ranar farko asiri ya tonu.

Shi ya sa nake ganin girman mutumin da ke zama, tun kafin aiki ya yi nisa, ya kafa wa manhaja masu gadi. Dabarar ta daɗe: a 1978 Stephen Johnson na Bell Labs ya rubuta lint don zaƙulo kurakurai a harshen C. Yau kayan aikin sun yawaita. Black da Prettier suna daidaita fasalin rubutu, ESLint da Ruff suna farautar kuskure, mypy yana duba ko an zuba kalma a gurbin lamba. Sauke su ba wuya, ɗalibi ma zai iya cikin yini guda.

Gwanintar tana wajen zaɓi. Ɗauki tsohuwar manhaja da aka shekara goma ana rubutawa. Sabon shiga zai kunna dukkan dokoki, gargaɗi ya zubo dubbai, abokan aiki su daina karantawa, kuskure mai hatsari ya ɓace a cikin hayaniyar. Karen da ke haushin kowa, ranar da ɓarawo ya zo ba mai fitowa. Gwani kan fara da dokoki kaɗan, waɗanda in sun yi magana to lallai akwai ɓarna, ya ɗora su kan sabon rubutu kawai, sai jama'a sun saba ya ƙara. Yana kula da sauri, domin ya san in binciken da kayan aikin pre-commit ke yi kafin a ajiye aiki ya ci minti biyar, mutane za su koyi kewaye shi. Sai ya bar mai sauƙi a kwamfutar marubuci, ya tura mai nauyi can GitHub Actions a intanet, inda ba gyaran da zai shiga sai ya ci jarrabawa. Kuma yakan ƙayyade sigar kowane kayan aiki, kada hukuncin kwamfutar wannan ya saɓa wa na waccan.

Abin da ya fi burge ni haƙurin masu kula da manhajar Django ne. Sun amince da Black a 2019, amma suka ƙi ɗora shi kan rubutunsu har sai da Black ya fita daga matakin gwaji a Janairun 2022. A watan da ya biyo baya suka sake fasalin rubutun manhajar gaba ɗaya. Irin wannan shara tana da illa: tarihi zai nuna kamar mutum ɗaya ne ya rubuta kusan kowane layi. Sai suka sa lambar wannan gyaran a wani ɗan fayil da ke gaya wa Git, mai ajiye wannan tarihin, ya tsallake shi idan ana neman asalin marubucin layi. Tun daga nan, mai duba aikin ɗan'uwansa a Django ya huta da gardamar waƙafi da tazara, hankalinsa ya koma kan ko gyaran ya magance matsalar da aka kawo shi dominta.