Kan Filasta, Kan Yumɓu da Masu Wankiya

Mai karatu, in kana kallon finafinan Turawa, na san ka sha ganin wani farin mutum-mutumi, daga kai zuwa kafaɗa kawai, idanunsa fari fat babu ƙwaya, an ɗora shi a ɗakin karatu don a nuna maigidan mai ilimi ne. Ba tallar gumaka zan yi maka ba. Tarihin wannan kai ne ya tuna mini da ciwon da ke damun finafinanmu da littattafanmu.

Galibin irin waɗannan kawuna ba na asali ba ne. Da garin filasta ake yin su, irin wanda ake ɗaure karaya da shi a asibiti. Sai a ɗauki mazubi a jikin sassaƙen dutsen marmara na Rumawa, a dama filasta a zuba. Daga wannan kwafin wani ya sake ɗaukar mazubi, daga nasa wani ya ɗauka. Kowane zubi yana cinye wani abu: yau tamojin goshi ya shafe, gobe gashi ya dunƙule. A ƙarni na 19 Turawa sun haukace a kan wannan sana'a, har gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan ya buɗe manyan zaurukan kwafi a 1873.

Abin dariyar ma shi ne farin. Masu sassaƙar asali fenti suke shafa wa aikinsu, daɗewa ce ta kankare shi. Baje kolin da aka yi a birnin Munik na Jamus a 2003 ya nuna wa duniya haka. Ashe masu kwafi tsufan abin suka kwafa, suka ɗauka shi ne adon!

To, ba haka wankiya take ba? A ɗauko fim ɗin Indiya, a zuba Hausa a mazubinsa: saurayi da budurwa a cikin furanni, uba attajiri ya ce atafau. Wani furodusa ya ga an ci kasuwa, shi ko na Indiyan bai kalla ba, sai ya wanki wankin. Dalilin rawar da dalilin kukan duk sun kankare tun a hanya.

Kada ka ce na haramta aro. Su kansu Rumawan gwanayen kwafi ne. Da yawa daga aikin tagullar Girkawa ta hannunsu aka san shi, kamar mai jifa da faifai na Myron. Amma da suka zo sassaƙa dattawansu, sai suka yi su da sanƙo da tamoji da gwaɓin hanci, yadda Allah ya yi su. Dabarar ta aro ce, fuskar tasu ce. Haka Abubakar Imam ya yi a Magana Jari Ce a 1937: ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa, amma wa zai ce aku da Waziri baƙi ne a ƙasar Hausa?

Yanzu zo mu dawo gida, mu tafi Yawuri. Kafin madatsar Kainji, wadda aka fara a 1964 aka gama a 1968, ta tare Kogin Kwara, masu binciken kayan tarihi sun yi rige-rige da ruwa suna tono. A wani tudu kusa da Yelwa suka samu ƙananan siffofi na yumɓu gasasshe, waɗanda aka ƙiyasta an yi su tsakanin ƙarni na 2 da na 7 Miladiyya. Lissafa ka gani: lokacin da ake sassaƙa kan Sarki Marcus Aurelius a Rum, wanda ya yi mulki daga 161 zuwa 180, akwai masu gina siffa da hannu a bakin Kwara, ba da mazubin kowa ba.

Sannan ruwan ya zo. Fiye da mutum 40,000 aka tasa. Tsohon garin Bussa ya nutse. Gungawa suka bar tsibiransu da gonakin albasarsu, aka kai su gidajen siminti da ba su suka tsara ba. Ka tuna tsohuwar da aka ce ta shiga kwalekwale ta bar kabarin mijinta a ƙarƙashin tafki. Ka tuna masunci da ke jefa taru a saman gidan da aka haife shi. Daga Ngaski zuwa Shanga har yau akwai dattawan da suka ga wannan da idonsu. Wane marubuci ne zai ce ya rasa labari? Wane darakta ne zai ce sai ya je Mumbai neman hawaye?

Kai ma mai kallo kana da laifi, domin abin da ka saya shi ake sake zubawa. Nan gaba in ka gama fim ko littafi, tambayi kanka: fuskar wa na gani? In ba ka gane ta wani naka a ciki ba, to filasta aka sayar maka. Su kuwa dattawan bakin tafki kullum raguwa suke yi, kuma in sun tafi babu mazubin da zai dawo da su.