Tsokaci a Kan Horar da Masu Ƙananan Sana'o'i Dabarun Tsimin Makamashi da Amfani da Hasken Rana

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta auna irin horon da ake bayarwa a ƙasar nan domin amfanin masu ƙananan sana'o'i game da tsimin makamashi, da kuma amfani da makamashi mai sabuntuwa, wato irin wanda ake samu daga rana da iska da ruwa. Idan muka ce makamashi, muna nufin duk abin da ake ƙonawa ko ake ja domin a sami zafi ko haske ko motsin inji, ko itace ne, ko gawayi, ko fetur, ko lantarki. Ra'ayinmu, wanda za mu yi ƙoƙarin kafa masa hujja, shi ne an soma wannan horo daga inda ya kamata a ƙare shi, kuma ana yin sa da harshen da mai sana'a ba ya lissafi da shi.

Batun ba ƙarami ba ne. Binciken da hukumar SMEDAN ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna cewa a 2020 akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i kimanin miliyan 39 a Nijeriya, kuma mafi yawansu irin na mutum ɗaya ne da yaransa. A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane kilowat-awa. Tela da mai aski da mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara duk sun ji a jikinsu.

Abin da aka yi

Adalci ne mu soma da yabo. Tun 1982 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Sakkwato, wadda ta daɗe tana gwajin na'urorin dafa abinci da busar da amfanin gona da zafin rana, da murhu mai tsimin itace. A 2013 aka fara shirin tallafa wa harkar makamashi da ake kira NESP, wanda hukumar GIZ ta Jamus ke gudanarwa da kuɗin Jamus da Tarayyar Turai, kuma wannan shiri ya tsara manhajoji na haɗa sola, da tsara ƙananan tashoshin lantarki, da binciken yadda masana'anta ke cin makamashi, aka koyar da su a cibiyoyi irin su NAPTIN. Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ita ma, daga 2017, ta fito da shirin kai wuta kasuwanni, kasuwar Sabon Gari ta Kano tana cikin na farko da suka sami sola.

Duk wannan aiki ne mai amfani. To amma in aka lura, manhajojin nan an yi su ne domin injiniyoyi da masu gyaran wuta, wato masu sayarwa da masu haɗawa. Shi kuwa wanda zai saya, ya biya, ya zauna da kayan shekara da shekaru, abin da yakan samu bai wuce taron bita na yini ɗaya ko biyu ba, a zauren otel, da Turanci, a tashi da takardar shaida da kuɗin mota.

Tsimi kafin sola

Aibi na farko shi ne na jeri. Masu bita sukan gaggauta zuwa zancen farantan sola da batir, domin su ne abin nunawa, su ne ake ɗauka a hoto. Alhali kuwa girman solar da mutum zai saya ya danganta ne ga yawan wutar da yake ci, saboda haka wanda bai rage ci ba zai sayi abin da ya ninka bukatarsa. Alal misali, tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 da sabon ƙwai irin na LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya ne. Shagon da ke kunna ƙwai goma na awa goma, da tsofaffin zai ci kilowat-awa 6 a yini, da sababbin kuwa bai kai ɗaya ba. Canjin ƙwai kaɗai ya rage farantai da batir da za a saya domin haske har fiye da kashi tamanin cikin ɗari. Wannan lissafi ba ya bukatar digiri, amma sai an zaunar da mutum an yi shi tare da shi, da ƙwayayen shagonsa, da awoyinsa.

Haka nan ya kamata mai ƙaramin janareto ya san abin da yake saye. Litar fetur tana ɗauke da makamashi kimanin kilowat-awa 9, amma da wuya ƙaramin janareto ya mai da fiye da biyu daga ciki lantarki. Sauran yana tafiya a zafi da hayaƙi, kuma asarar tana ƙaruwa idan aka kunna shi domin fanka ɗaya da cajin waya. Wanda ya iya raba kuɗin mansa na mako da wutar da ya samu, shi ne zai iya yanke hukunci a kan ko bashin sola zai biya kansa.

Akwai kuma abubuwan da ɓoye su kan jawo nadama. Injin da ke juyawa da mota, kamar na niƙa ko na firji, yakan ja wuta ninki biyar ko fiye a lokacin tashi, sai inbatar da aka auna da cin yau da kullum ta kasa. Batir irin na gubar dalma yana saurin mutuwa idan ana zuƙe fiye da rabinsa kullum, ko aka ajiye shi a ɗaki mai zafi, kuma mun san zafin bazara a Sakkwato da Maiduguri. Ƙurar hunturu tana rage abin da faranti ke bayarwa in ba a goge shi. Duk batir da ya mutu cikin shekara guda, labarinsa yana zagaya layin kasuwa, ya hana mutum goma saye.

Wutar da aka manta

Aibi na biyu shi ne ɗaukar makamashi a matsayin lantarki kawai. Gidajen burodi, da matan da ke soya ƙuli-ƙuli da ƙosai, da masu turara shinkafa a wurare irin su Kura, da masu tsire da balangu, duk zafi suke saye, kuma da itace da gawayi suke sayen sa. Murhun duwatsu uku ba ya kai fiye da kashi goma zuwa goma sha biyar cikin ɗari na zafin itace ga tukunya. Gyaran bakin tanda, da busar da itace kafin a ƙona, da rufe tukunya, da murhu irin Save80 wanda aka yaɗa daga Kaduna, suna iya rage kuɗin itace ƙwarai. Yawancin waɗannan masu sana'a mata ne, da dama a cikin gida suke aikinsu, don haka bitar otel ba ta isa gare su ko da an yi ta da Hausa.

Harshe da wurin koyarwa

A nan ne matsalar ta fi shafar mu malamai. Bahaushe yana kiran harshen wuta da lantarki da cajin batir duka "wuta", yana kuma cewa "ƙarfi" ga abubuwa biyu da ilmin kimiyya ya raba, wato wat da wat-awa. Wanda bai bambance su ba, ba zai gane me ya sa inbata mai "ƙarfi" take mutuwa da tsakar dare ba. Fassara kalma da kalma ba ta warware wannan. Misalin ruwa ya fi: wat shi ne yadda famfo ke zuba, wat-awa shi ne abin da ya taru a jarka, batir randa ce, faranti kuma mai garuwa ne wanda ba ya zuwa sai da rana. Da irin wannan misali ɗalibi yakan gano da kansa cewa babbar randa ba ta da amfani idan mai garuwa jarka biyu yake kawowa.

Muna da abin koyi a tarihinmu. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA a Zariya ta buga ƙananan littattafai da Hausa a kan noma da kiwon lafiya da sana'o'i, masu arha, masu shiga aljihu. Irinsu ake bukata a yau, tare da shirye-shiryen rediyo, ɗaya domin tela, ɗaya domin mai niƙa, ɗaya domin mai tanda, tun da cin wutar kowannensu daban ne.

Wurin koyarwa kuma shi ne shago. Sana'a a ƙasar Hausa a gaban maigida ake koyon ta, kuma kowace tana da ƙungiya da shugaba da ake jin maganarsa. Sassan koyar da fasaha na kwalejojin ilmi suna iya tura ɗalibansu da 'yar na'urar auna cin wuta, su yi mako guda a layin teloli da iznin shugaban layi, su rubuta abin da kowane dutsen guga da keke da fanka ke ci, su karanta wa masu shago sakamakon da Hausa. Bayan wata shida a koma a tambayi lita nawa ake saye a mako, a kwatanta da na da, a kuma rubuta adadin a rahoton shiri a gurbin da aka saba rubuta yawan waɗanda suka halarci bita.