Fada Mai Waƙa da Ƙasar da Bai Taɓa Gani Ba

A shekarar 1944 aka fitar da wani fim a Amurka mai suna Going My Way, wanda Leo McCarey ya shirya. Labarin wata Ikilisiyar Katolika ne a unguwar talakawa ta birnin Niyu Yok, bashi ya yi mata katutu, tsohon Fadanta mai suna Fitzgibbon kuwa ya shekara 45 yana riƙe da ita har ƙarfi ya ƙare. Sai Bishop ya aiko da wani matashi, Fada O'Malley, da sunan mataimaki, alhali a asirce shi aka danƙa wa ragamar. Bing Crosby, mawaƙin da ya fi kowa kasuwa a zamanin, shi ya fito a matsayin matashin. Fim ɗin ya ci lambar Oska guda 7. Har yau idan ana lissafin taurarin waƙa da rawa na Holiwud da ake cewa 'yan Ayalan ne, Crosby ake fara ambata, sannan James Cagney da Gene Kelly da Donald O'Connor.

To, wace Ayalan ce wannan? Bari mu fara da Crosby kansa. An haife shi a Tacoma a 1903, can gaɓar yammacin Amurka. Mahaifiyarsa, 'yar gidan Harrigan, ita ce mai jinin Ayalan, ita ce kuma ta sa shi a hanyar Katolika har ya yi karatu a hannun Fadoji 'yan Jesuwit a Spokane. Dangin mahaifinsa kuwa asalinsu Ingila. Cagney yana da kaka ɗan Norwe. Kelly, wanda aka haifa a Pittsburgh a 1912, yana da jinin Jamus ta wajen uwa. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma kowa ya dubi kakanninsa ya ɗauki wanda zai yi tutiya da shi. Haka talakawan Amurka ma suka yi: a ƙidayar 1980 mutum wajen miliyan 40 suka ce suna da asalin Ayalan, alhali dukan tsibirin, kudu da arewa, bai wuce miliyan 5 ba a lokacin.

Dalilin yawan nan ba abin waƙa ba ne. Daga 1845 zuwa 1852 cuta ta kama dankalin Turawa, wanda shi ne tuwon talakan Ayalan. (Shi ne dai wanda ake nomawa a Filato, 'yan kasuwa suna ce masa "Airish".) Mutum wajen miliyan 1 suka mutu da yunwa da zazzaɓi, fiye da miliyan 1 suka shiga jiragen ruwa suka gudu. Waɗanda suka sauka a Boston da Niyu Yok ba a yi musu lale ba. An raina su don talauci, an kuma ƙi su don addini, ana cewa bayin Paparoma ne. Har a 1928, da Al Smith ya nemi shugabancin ƙasa, Katolikancinsa na cikin abin da ya kayar da shi.

Wanda ya san wannan zai gane aikin da fim ɗin ya zo yi. Fada O'Malley yana yawo da rigar 'yan ƙwallo, yana buga golf, yana kaɗa fiyano, ba ya tsawa, ba ya tsorata kowa. An ɗinka shi ne daidai yadda Ba'amurke ɗan Furotesta zai kalle shi ya ce, ashe firist ma mutum ne kamarmu. Kuma dabarar ta ci. Shekara 16 bayan fim ɗin aka zaɓi John Kennedy. Ba na cewa fim ne ya zaɓe shi, amma wanda ya share hanya yana da rabonsa.

Inda nake da magana shi ne abin da aka biya. Kusan ba ma ganin O'Malley a bagade. Yaran unguwa ɓarayin talotalo ne, ya tara su ya koya musu waƙa, shi ke nan sun shiryu. Bashi ya taso, aka sayar wa masu buga waƙa da wata waƙa, kuɗi ya samu. Duk wanda ya taɓa zama da yaron da ya kangare, ko ya ƙirga baikon ranar Lahadi ya ga bai kai kuɗin kwano ɗaya ba, ya san ba haka abin yake tafiya ba. Mu da muka ga Fadojin Ayalan na gaskiya a Jos da Kaduna da Yola, masu koyon Hausa da ƙyar, masu fama da zazzaɓi da babur a kan hanyar ƙauye, ba mu ga mai warware matsala da murya ba.

Abin da ya ceci fim ɗin shi ne tsohon. Barry Fitzgerald, wanda ya fito a matsayin Fitzgibbon, haifaffen Dublin ne a 1888, ya kuma goge a gidan wasan Abbey kafin ya haye teku. Abin dariya, shi kaɗai ne ɗan Ayalan na haƙiƙa a cikin biyun, shi ne kuma ba Katolika ba, don a gidan Furotesta ya tashi. Ya yi wasan da kyau har aka sa sunansa takarar babban ɗan wasa da ta mataimaki a kan rawa ɗaya, abin da ya sa aka sake dokar Oska. A hannunsa Ayalan wuri ce mai nisa, inda ya bar uwa mai shekara fiye da 90. Shekara 45 yana cewa zai je ya gan ta, kullum sai wata bukatar Ikilisiya ta cinye guzurin. Akwai daren da ya gane an sauke shi ba a gaya masa ba, ya fita cikin ruwan sama, ya dawo a jiƙe yana jin kunya kamar yaro. Matashin ya kwantar da shi, ya rera masa waƙar reno har barci ya ɗauke shi. A nan ne kawai waƙa ta yi aikin da waƙa take iya yi, wato ta kwantar da zuciya, ba ta biya bashi ba.

Amma ko wannan waƙar reno, da tsohon yake ji kamar muryar uwarsa ce, ba daga Ayalan ta fito ba. Wani Ba'amurke, James Royce Shannon, shi ya rubuta ta a 1913 don wasan dandali a Niyu Yok. Yawancin waƙoƙin da jikokin 'yan gudun yunwa suke rerawa ranar 17 ga Maris, ranar Waliyyi Patrick, irin wannan ne: an ƙera su a Amurka, don masu kewar wurin da ba su taɓa takawa ba. Babu yunwa a ciki, babu mai gona da ya kori ɗan haya, sai koren tudu da uwa a bakin murhu.

A ƙarshen fim ɗin majami'ar ta ƙone, an kuma yi wa O'Malley canjin wuri. Daren Kirsimeti ya sa aka kawo tsohuwar daga Ayalan ba da sanin ɗanta ba. Ta shigo tana takawa da ƙyar, yara suna rera waƙar nan, tsohon ya sunkuyar da kai a kafaɗarta. Crosby yana waje, ya ɗauki jakarsa ya bi ta cikin dusar ƙanƙara, ba wanda ya raka shi.